Gajeru Bakwai a Bayan Gida

4 ga Yuni

Jikata Likitar Ciyawa,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga rubutun ɗan'uwa ba. Ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ta yi sauƙi, ta dama ta karɓi aikin. Kunne kuwa kin san halinsa, shi ya sa na ce ki daina wahalar kirana a waya. Muryarki nake ji kamar daga cikin tulu. Takarda ta fi mini.

Jiya da hantsi direban motar kayan da ke bi ta wajenku ya sauke mini kwali uku. Da na buɗe sai na ga ciyawa. Na sa tabarau na sake dubawa, ciyawa ce dai, wadda ake kira kiri-kiri, guda sittin, kowace a ledarta da fegi mai lamba. Na zauna a bakin ƙofa ina jujjuya ledojin, har direban ya tambaye ni ko saƙon rasuwa ne.

Ki fahimce ni. Shekara talatin da huɗu na yi ina malamin gona, ashirin daga ciki a gonar gwajin iri, kuma ban taɓa samun abokin gaba kamar wannan ciyawa ba. Ka sare ta yau, jibi ta leƙo tana gaishe ka. Ni da kakanki, ɗan baffana, Allah ya ji ƙansa, tun muna yara aka riƙa tura mu tuge ta har hannunmu ya yi kanta. Ranar da na zo ta'aziyyarsa kika ce mini aikinki ciyawa ne, na ɗauka kashe ta kike yi. Ashe raino.

Duk da haka ban bar su a leda ba. Na gyara bayan gida, inda marigayiya kakarki take shuka tumatir, na yi layi shida, goma-goma, taku ɗaya tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Na zana taswirar wurin a littafina, kowace lamba a mazauninta, don a gauraye na dasa su, ba bi da bi ba. Na ba su ruwa, Allah na gani ban so ba.

Takardar da kika liƙa a kwalin layi biyu ce kawai. Ki yi mini bayani. Mece ce wannan, kuma me ake so in yi?

Kakanki,
tsohon malamin gona

*

10 ga Yuni

Kaka,

Ina gaisuwa da fatan gwiwar dama ta ji kunya ta bi sahun ta hagu. Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage tsayuwa cikin rana. Na ce mata ta faɗa wa bango.

Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo. Ka yi haƙuri, sauri ne ya hana ni bayani. Ga yadda abin yake.

Aure na ɗaura wa ciyawa biyu. Uwar ita ce kiri-kirin da ka sani, mai jure fari da tattaka, amma ganyenta kaushi. Uban wata ce mai siririn ganye mai laushi, sai dai raguwa ce, rana kaɗan ta kwanta. Filayen ƙwallo da na makarantu 'yar wannan aure suke so, mai taurin uwa da laushin uba. Matsalar ita ce 'ya'yan irin wannan aure kamar alfadari suke, ba sa haihuwa. Suna yin kai, amma fanko. Don haka duk mai son fili sai an yanko masa ciyawar da ƙasarta an loda a mota, wanda ƙananan makarantu ba za su iya ba. Ni wadda za ta yi ƙwaya nake nema, wadda za a zuba a takarda a aika wa kowa ya watsa.

Shekara uku ke nan ina buɗe furen ciyawa da hantsaki da sassafe ina zuba masa ƙurar furen ɗayar. Waɗannan sittin su ne abin da na samu. Kowace na raba ta biyu, rabi a nan tashar bincike, rabi wajenka, saboda tsaro. Kai na zaɓa don iska tana ɗauko ƙurar furen ciyawar daji ta ɓata aiki, gidanka kuwa katanga ta kewaye shi, kuma duk dangi sun san ba ka barin tsinke ɗaya ya tsiro ko a hanyar ƙofarka.

Kwamitin tashar zai zauna ƙarshen Nuwamba. Shugaban sashenmu ya gaya mini ƙiri-ƙiri, in ban ajiye ƙwaya a kan tebur ba za a rufe aikin ciyawa a mai da ni wani sashe.

Abin da za ka yi kuwa, ni ce zan koya maka? Ka kula da su yadda ka saba kula da gonar gwaji.

Jikarka

*

28 ga Yuli

Jikata,

Bayan gaisuwa. Na kwana biyu ban ji daga gare ki ba, ina fata aiki ne ba ciwo ba. Ni jiki ya ɗan taɓa ni, amma ba abin da za a rubuta ba ne. Ga rahoton wata biyu.

Duk sittin sun kama. Ina ba su ruwa safe da yamma in ba a yi ruwan sama ba. Sun yi yaɗo, kuma dole in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin kiri-kiri mai kyau haka ba. Maƙwabciyata mai ɗinki ta leƙo ta katanga ta ce kamar darduma, wai in ba ta aro ta yi baƙi.

Amma akwai abin da ya ɗaga mini hankali, kuma ina so ki ji shi ba tare da kin ji haushi ba. Irinki ba tsarkakakke ba ne. Hamsin da uku sun tashi kansu ɗaya, launi ɗaya, tsawo ɗaya. Bakwai kuwa daban suke: gajeru, ganyensu ya yi duhu, gaɓoɓinsu a matse, kuma sun riga sauran fitar da kai, wani kai mai kauri mara fasali. Lambobinsu 4, 11, 19, 26, 33, 47 da 58. Na yi mamaki ƙwarai a ce tasha mai suna kamar taku ta bar bare bakwai cikin sittin. A zamaninmu bare ɗaya cikin ɗari ya isa a kira ka ofis. Ki binciki masu taya ki aiki, wani ya haɗa miki leda.

Malamin da ya koya mana aikin iri, wani dogo mai sanda, yakan tsaya a bakin gona ya runtse ido ɗaya. Duk tsiron da ya fi 'yan'uwansa tsawo ko gajarta sai ya nuna shi da sandar, ba ya ko magana. A cire shi kafin furensa ya buɗe, a haƙe saiwar, a ƙone. Haka muka tashi, haka na koya wa na bayana.

To ki kwantar da hankalinki. Ranar Talata da Laraba na cire duka bakwai ɗin. Na haƙa kowace har zurfin gwiwar hannu, na tankaɗe ƙasar da rariya don kada guntun saiwa ya saura, na shanya su, na ƙone su tare da fegunansu. Yanzu in kin tsaya a bakin wurin kin runtse ido ɗaya, babu inda ya ɗaga, babu inda ya sauka. Rabona da in ji daɗin aiki haka tun kafin in yi ritaya.

Ba sai kin gode ba.

Kakanki

*

21 ga Yuli

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ka gafarce ni, yau ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ciyawata ta nan ta mutu. Duka.

An ɗauki sababbin ma'aikata a tashar, aka ba su maganin kashe ciyawa su fesa a hanyoyin cikin gona. Suka gama hanyoyin, maganin ya ragu, suka ga wani fili cike da ciyawa an kewaye shi da igiya. Suka ce bari su taimaka. Ina ɗakin gwaji ban sani ba sai bayan kwana uku da ganyen ya fara rawaya. Na wanke, na yi ban ruwa, na haƙo saiwoyi na duba. Maganin mai bin jijiya ne, ya sauka har ƙasa. Babbansu ya zo ya tsuguna yana ba ni haƙuri, yana cewa, ranki ya daɗe, ai ciyawa ce muka gani. Ban iya ko yi masa faɗa ba.

Abin da ya fi ciwo, mako ɗaya kafin nan na samu abin da nake nema. Na duba kawunansu a madubin ƙara girma, bakwai daga cikin sittin suna cika ƙwaya. Ba ta nuna ba tukuna, shi ya sa ban girbe ba. Na so in tabbatar kafin in ba ka albishir.

Yanzu a duniya babu su sai a bayan gidanka. Lambobinsu 4, 11, 19, 26, 33, 47, 58. Za ka gane su ko ba lamba: gajeru ne, masu duhun ganye, kansu kauri. Ba su da kyan gani, na sani. Don Allah, Kaka, ka lallaɓa su. Kada a yanke, kada a taka, kada akuya ta shiga. Sauran hamsin da uku ko sun mutu ba komai.

Da ba ka nan da ban san inda zan sa kaina ba.

Jikarka

*

11 ga Agusta

Jikata,

Ina gaishe ki. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba, tunda na san zuwa yanzu kin karanta rahotona.

Wasiƙarki ta 21 ga Yuli yau ta iso. Motar direban ta lalace a hanya, aka ja ta gareji, wasiƙar na cikin akwatin gaban mota mako uku. Tawa kuwa da ya karɓa daga baya, a motar aro ya kai miki. Ya miƙo mini taki yana dariya yana ba ni labarin injin. Na buɗe a tsaye.

Na ɗauko littafina na ajiye kusa da takardarki. Na karanta lamba ta farko a taki, na duba tawa. Na karanta ta biyu. Da na kai ta huɗu na daina fatan za su saɓa, amma na ci gaba har ta bakwai, don ban san abin da zan yi in na tsaya ba. Daga nan na fita bayan gida. Wurin yana nan shimfiɗe, kore shar, babu inda ya ɗaga. Tokar ma tana nan a gindin katanga.

Na lissafa kwanaki. Da wasiƙar ta zo cikin kwana uku yadda ta saba, da ta same ni ina wasa fartanya, ana gobe zan fara.

Ba na neman in ɗora wa direba, ko waɗancan masu feshi. Su ba su san komai ba. Ni na sani, ko na ɗauka na sani. Na ga gajarta, na ga kai mai kauri, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ya yi kauri ba. Da na murza ɗaya a tafin hannuna da na ji. Shekara talatin da huɗu ina murza kan hatsi, wannan kaɗai ban murza ba.

Har na ce miki ba sai kin gode ba.

Na rubuta ne don kada ki zaci ban ji ba.

Kakanki

*

16 ga Agusta

Kaka,

Na gaishe ka. Wasiƙunka biyu sun zo. Ta farkon na karanta ta a ofis, abokiyar aikina ce ta karɓe ta daga hannuna ta zaunar da ni.

Na yi mako biyu ina rubuta amsa ina yagawa. Wannan ba zan yaga ba. Na ce ka kula da su. Ban ce ka yanke musu hukunci ba. Kowace tana da lamba, Kaka. Wa yake sa wa bare lamba? Takarda ɗaya za ka aiko ka tambaye ni, kwana uku zuwa, kwana uku dawowa. A gonar da ka yi aiki iri kuke tsarewa wanda aka riga aka samu, shi ya sa kuke korar wanda ya bambanta. Ni wanda babu shi nake nema. Wanda ya bambanta ɗin shi ne aikin gaba ɗaya. Har da rariya.

Na san da laifina, ni na ce ka yi yadda ka saba. Amma yau ba na iya ɗaukar nawa da naka tare.

Na gaya wa shugaban sashe jiya. Ya cire tabarau ya ce in fara kwashe kayana daga ɗakin gwaji a hankali kafin Nuwamba.

Sauran ciyawar ka daina wahalar ba ta ruwa. Ka mai da wurin tumatir in kana so.

Jikarka

*

31 ga Agusta

Jikata,

Ina gaishe ki, ko da gaisuwar ba ta da daɗin karɓa. Duk abin da kika faɗa haka yake, ban ga kalma ɗaya da zan mayar miki ba. Batun lamba ya fi tsaya mini. Da hannuna na zare fegunan ina karanta su.

Akwai abin da zan gaya miki wanda na fi jin nauyinsa a kan na farko. Rahotona na 28 ga Yuli akwai ƙarya a ciki. Tun da na fara aiki ban taɓa rubuta abin da ban yi ba a rahoto, sai wannan.

Biyar na haƙa har gwiwar hannu, ba bakwai ba. Ranar Talata na yi uku. Ranar Laraba na yi biyu, ina cikin tankaɗe ƙasar ta biyar sai na ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya. Na ce bari in gama. Na ja jiki zuwa 47 da 58, na ga ba zan iya haƙa ba, sai na sare su daga sama da fartanya, na tara ƙasa a kai na danne da ƙafa, da niyyar in dawo gobe in yi aikin yadda ya kamata. Ban kai ƙofa ba na faɗi. Tun hantsi nake kwance a wurin har rana ta karkata. Ina ji, ina gani, tashi ne ya gagara. Maƙwabciyata mai ɗinki ta ce shirun ne ya dame ta, ba ta ji ƙarar butar ban ruwa da yamma ba, ta taka kujera ta leƙo. Ita da mijinta suka ɗauke ni. Kwana shida na yi a gado, kuma a gadon na rubuta miki wancan rahoto. Mijin nata ne ya ƙone mini tarin da na shanya. Na ji kunyar in ce miki ciyawa biyu sun fi ƙarfina, sai na rubuta bakwai.

Ranar da wasiƙarki ta iso na je da littafina na auna taku, na gano mazaunin biyun, na yaye ƙasar da na tara da yatsuna. Na tarar da kututture fari fat, ban san ko da rai ko babu ba. Ban gaya miki a lokacin ba, don kada in ba ki fata in sake ƙwacewa, kuma, in faɗi gaskiya, don ban shirya tona kaina ba. Ruwan da kika ce in daina, ban daina ba.

Shekaranjiya lamba 47 ta fito da toho uku. Gajeru ne, ganyen ya yi duhu, gaɓoɓin a matse. Na kwanta rub da ciki na duba da tabarau biyu, nawa da na marigayiya a kai. Ita ce.

Lamba 58 shiru.

Ban taɓa komai ba. Ki faɗi abin da zan yi, dalla-dalla, kamar kina magana da sabon ɗauka.

Kakanki

*

5 ga Satumba

Kaka,

Tun hantsi har yamma kana kwance a ƙasa, ni kuma na aiko maka da waccan takarda. Na karanta wurin sau uku. Ka rubuta mini wai jiki ya ɗan taɓa ka, ba abin da za a rubuta ba ne. Mene ne abin rubutawa a wajenka, sai an yi jana'iza? Na gaya wa Mama, ta ce za ta zo ƙarshen wata ta kai ka a duba ƙirjin, kuma ta ce in gaya maka ba shawara take nema ba. Ka yafe mini zafin bakina. Ka miƙa godiyata ga mai ɗinki da mijinta.

Ban taɓa tsammanin zan yi murna da ƙarya ba. Da ka cika aikinka yadda ka rubuta, da shi ke nan.

Amma kada mu yi saurin murna. Wannan ciyawa ba ta karɓar ƙurar furenta, sai ta wata. Hamsin da ukun nan ƙurarsu fanko ce, ba za su yi mata komai ba. In 47 ce kaɗai, za ta yi kai mai kyau, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Dole sai 58 ta tashi, kuma dole su yi fure lokaci ɗaya.

Ga umarni, tunda ka nema. Kada ka haƙa don ganin ko 58 tana da rai. Yaɗon maƙwabtansu da ke rarrafowa a ɗage shi a mayar baya, a bar wa kowace fili kamar faɗin tire. Ba kai za ka sunkuya ba, ka roƙi mai ɗinki. Ruwa kaɗan-kaɗan. Duk abin da ya tsiro a mazaunin 58, ko me ya yi kama da shi, ka bar shi. Ka ji, ko me ya yi kama da shi.

Na roƙi shugaban sashe kada a taɓa kayana tukuna. Ya ce ranar kwamiti ba ta matsawa, kuma toho ba ƙwaya ba ne.

Jikarka

*

20 ga Satumba

Jikata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙirji ya lafa, ina shan abin da aka ba ni.

A mazaunin 58 abubuwa huɗu sun tsiro. Biyu na san su, ciyawar banza ce mai faɗin ganye. Ɗaya tumatir ne, daga ina ya fito bayan shekara shida, Allah masani. Na huɗun siriri ne kamar allura, jiya ya buɗe ganye na biyu, kuma ganyen yana da duhu.

Na sa kujera a wurin. Ina zaune ina kallon ciyawar banza tana girma a gonata, hannuna a cikin aljihu. Mai ɗinki ta ce in na ga abin ya fi ƙarfina in gaya mata ta ɗinke aljihun da hannun a ciki.

Kakanki

*

17 ga Nuwamba

Jikata Likita,

Ina gaishe ki da kyau. Mahaifiyarki ta zo ta tafi, ta bar ni da magani kala uku da dokokin da suka fi na gidan yari. Wasiƙunki biyu na Oktoba sun iso, kin tambaya me ya sa amsoshina suka gajarce. Ga dalili. Na sake yin abin da ba ki ce ba, kuma na ƙudura ba zan faɗa ba sai na ga ƙarshensa.

Kin san 47 ta riga 58 tashi da mako uku. Farkon Oktoba ta fitar da kai goma sha ɗaya, ita kuwa 58 ko alama. Na duba na ga in aka bar su haka, 47 za ta yi furenta ta gama kafin 'yar'uwarta ta farka. In na rubuto miki, kwana shida kafin amsa, furen kuma ba zai jira kwana huɗu ba. A gonar gwaji in layi ɗaya ya riga ɗaya, mukan dakatar da mai saurin, mu yanke masa kai ya sake fitar da sabo. Amma wancan hatsi ne, wannan ban taɓa gwadawa a kanta ba, kuma kin san abin da ya faru ranar da na ce na sani.

Na yi yini guda a kujerar nan da almakashin mai ɗinki a cinyata. Ita kanta ta ce, Baba, kai da aka ce kada ka taɓa? Na ce mata na ji. Da la'asar na yanke duka goma sha ɗayan. Kwana goma sha biyu babu abin da ya fito. A kwanakin nan abinci bai yi mini daɗi ba, kuma sau biyu na fara rubuta miki cewa na sake kashe miki aiki.

Rana ta goma sha uku 47 ta turo sabon kai bakwai. A makon nan 58 ta turo huɗu. Suka buɗe tare. Tsakaninsu akwai nisa, ban yarda da iska ba, sai na riƙa kaɗa furen wannan a farantin shayi da sassafe in kai wa waccan, in dawo da na waccan. Taku goma sha huɗu ne zuwa in na bi ta gefe, na yi shi kwana biyar da sanda.

Na girbe ranar Litinin da suka bushe. Na murza a farar takarda, na hure ƙaiƙayin a hankali, na bi su ɗaya-ɗaya da farce. Fankon yana lotsewa, mai ƙwaya yana ƙi. Waɗanda suka ƙi ɗari da goma sha biyu ne. Gaba ɗayansu ba su rufe gindin cokali ba. Ban yarda da farcena kaɗai ba, na ɗebi goma na shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma na rufe da kwano. Yau da safe na ɗaga kwanon. Shida sun fasa, kowace da farin zare kamar gashin jariri. Na kira mai ɗinki ta ƙirga, don kada a ce idon tsoho ne. Ta ce shida.

Ɗari da biyun suna cikin ƙananan ambulan biyu da ke cikin wannan, na 47 daban, na 58 daban, na rubuta a bayan kowace. Ki buɗe a kan tebur, ki rufe taga, kada ki yi atishawa. Ki kai wa mutumin naki mai tabarau ya ga ko wannan toho ne. Tsumman kuma yana nan ina jiƙa shi. Wannan rahoto babu abin da na ƙara a ciki, babu abin da na rage.

Saura tambaya ɗaya. Cikin hamsin da ukun, lamba 22 ta fara wani abu. Tun da sanyi ya shigo sauran sun dushe, ita kaɗai ta ƙi, tana nan kore a tsakiyar layi, ta ɓata wa wurin tsari gaba ɗaya. Kullum idona a kanta yake sauka. Na kewaye ta da igiya, na ba mai ɗinki ajiyar fartanya.

Ki zo ki gan ta da kanki. Na share ɗakin baƙi.

Kakanki,
malamin gona